Safiya ba ta isata: yaya kuke haɗa aiki da gida?

Malama Maman Uku:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a zauren nan ban taɓa tofawa ba, yau dai tura ta kai bango. Koyarwa nake yi a wata sakandare mai zaman kanta a wajen Hotoro, gidanmu kuma yana Rijiyar Zaki, kullum sai na ratsa Kano daga wannan gefe zuwa wancan, a daidaita sahu biyu nake hawa. A wurin aikinmu ƙarfe 7:45 ake jan layi da jan biro a littafin sa hannu, duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layin ya makara. Sau huɗu ina faɗowa ƙasansa a wata ɗaya, shekaranjiya aka miƙo mini takardar gargaɗi. Ranar kuma da na dawo gida, tun daga bakin ƙofa na jiyo ƙauri. Wake na ɗora da safe da niyyar in sauke kafin in fita, na manta shi a kan gas. Allah ne Ya tsare, gas ɗin ya ƙare da kansa, tukunyar kawai aka rasa. Na zauna a ƙofar kicin na yi kuka.

Yarana uku: babbar shekararta 9, mai bi mata 6, ƙaramin bai cika 2 ba, shi nake ajiyewa gidan Hajiyarsu kafin in wuce. Biyar saura nake tashi. Salla, ruwan wanka, abin kari, abincin da za su tafi da shi, neman safa ƙafa ɗaya, neman fensir. Na dawo wajen uku, abincin rana, shirin islamiyya ƙarfe huɗu, tuwon dare, sannan in zauna da littattafan ɗalibai sama da ɗari in yi maki. Ban cika kwanciya kafin sha biyu ba. Asabar da Lahadi kuma tahfiz da safe, wanki, ga biki, ga suna. Don Allah masu aiki da iyali, yaya kuke yi? Ni ce ban iya ba, ko kowa haka yake fama?

Hajiya Mai Fansho:
Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki. Shekara 35 na yi ina aikin gwamnati har na ajiye, yara shida na raina a ciki, don haka na san wannan kukan. Ba rashin iyawa ba ne. Kin tara aikin dare da na safe ne kin ɗora wa awa biyu, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda nake yi a lokacina. Da an idar da isha'i, kafin kowa ya kwanta, kowane yaro ya kawo jakarsa gabana a buɗe, in duba, a rufe, a jingine bakin ƙofa. Inifom, safa, takalmi, hijabi, duk a kan kujera ɗaya, na kowa daban. Ruwan zafi a cikin fulas tun dare. Tuwon dare kuwa da gangan nake ƙara malmala uku, da safe ɗumame ne, minti goma an gama, kuma ya fi shayi da burodi riƙe cikin yaro. Ranar da ba ɗumame, gasarar koko tana nan na tace tun ƙarshen mako, sai dai in canja mata ruwa kullum kada ta yi tsami da yawa. Wake kuma, 'yata, ba abincin safiyar ma'aikaciya ba ne. Dafa shi da daddare kina zaune kusa da shi kina makinki.

Abu ɗaya da na riƙe har yau: kafin in sa mukulli, sai na koma kicin na taɓa kan gas da hannuna, na ce bismillah. Da ido kawai mutum yakan yaudari kansa.

Nas Mai Aikin Dare:
Hajiya ta gama magana a kan dare. Ni zan ƙara da miya. Ranar Lahadi nake sayen kayan miya na mako, in na samu mai zuwa 'Yankaba ya fi sauƙi. In kai markaɗe sau ɗaya, in tafasa har ruwan ya ƙone ya zama kauri, in soya da mai, in raba a robobi. Kowace rana cokali biyu ko uku: yau ta zama miyar kuka, gobe dafa-duka, jibi miyar taushe. Awa guda cur nake tsira da ita kullum.

Amaryar Bara:
Anti Nas, da wace wutar za a ajiye miyar mako? Mu unguwarmu sai a yi kwana biyu ba a kawo ba. Firjina ya zama kabad.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanwata, ni ma ba a layin da ake ba wuta awa 20 a rana nake ba. In ba wuta, kada ki yi ta mako, yi ta kwana uku. Ki soya sosai, mai ya taso ya rufe samanta, ki riƙa ɗumamawa safe da yamma, kuma kada a sa cokali mai ruwa a ciki. Lokacin zafi kuwa na fi dogara da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka, waɗannan ba ruwansu da firji. Kakanninmu da su suka rayu.

Magidanci daga Zariya:
Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni a ganina ana ta maganin reshe ne an bar tushe. Taura biyu ba ta taunuwa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu yana buƙatar uwarsa, gida ya kusa kamawa da wuta, duk a kan albashin da wataƙila rabinsa a kuɗin mota yake tafiya. Malama, ki zauna da maigidanki ku yi lissafi. In abin da ke saura bai taka kara ya karya ba, ki ajiye aikin nan har yara su tasa. Ba raini nake yi ba, tausayi ne.

Malama Maman Uku:
Na gode Malam, kuma na san da kyakkyawar niyya ka faɗa. Lissafin mun yi shi ba sau ɗaya ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka mini, gaskiya ne. Amma abin da ke saura shi ne kuɗin makarantar yara biyu. Abbansu ma'aikaci ne, albashinsa a abinci da haya yake ƙarewa. Ko mafi ƙarancin albashin da aka mayar naira 70,000 a 2024, ka auna shi da buhun shinkafa ka gani. Sannan ina son koyarwar nan har raina. 'Yan mata nake koya wa lissafi, da yawansu ni ce mace ta farko da suka gani tana koyar da shi.

Nas Mai Aikin Dare:
Malam na Zariya, in matarka za ta haihu ƙarfe biyun dare, mace kake so ta karɓi haihuwar ko namiji? To wannan macen ita ma tana da yara a gida. Ba za a ce ana son likita mace da malama mace ba, sannan a ce kowace ta koma ɗaki. Tambayar da ban ga an yi ba ita ce: daga biyar saura zuwa bakwai, ina Abban yaran yake?

Malama Maman Uku:
Yana dawowa daga masallaci ya ɗan kishingiɗa, sai bakwai ya tashi ya yi wanka. Mutumin kirki ne wallahi, ba ya faɗa, ko abinci ya makara ba ya magana. Kawai dai bai taso ya ga namiji yana wa yaro wanka ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na nema ba. Kunya nake ji.

Malamin Islamiyya:
Malama, wannan ba wurin kunya ba ne. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita. Bukhari ne ya ruwaito. Mu maza mun haddace hadisan haƙƙinmu, wannan kuma mukan tsallake shi. Ni kaina sai da matata ta kwanta jinya na mako biyu na san yawan abin da ake yi a gidana kafin rana ta fito. Tun daga nan wankan yara maza da duba jakunkuna da kai su makaranta ya dawo wuyana, kuma rawanina bai faɗi ba.

Shawarata, kada ki ce masa "ka riƙa taimaka mini". Wannan magana ce mai faɗi, namiji zai ce to, gobe ya rasa ta inda zai kama. Ki yanka masa aiki guda mai suna: wankan na tsakiya da sa masa kaya, ko kai ƙaramin gidan Hajiya. Kuma ki zaɓi lokacin faɗa, ba da safe ana cikin hayaniya ba.

Baccin bayan asuba kuma, ga 'yan'uwana maza: Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Sahabin da ya ruwaito hadisin, Sakhr al-Gamidi, ɗan kasuwa ne, da sassafe yake tura hajarsa, kuma ya yi dukiya.

Magidanci daga Zariya:
Malam, na karɓi hadisi, ba ni da ja. Amma a yi adalci, wani mijin shida na safe ya fita, sai tara na dare. Ba kowa ne ke kwance ba.

Malamin Islamiyya:
Haka ne. Wanda ya fita nema yana cikin hidimar iyali. Maganata a kan wanda yake gida ne idonsa biyu.

Tela a Fagge:
Ni ba ni da ilimin da zan ƙara a kan na malamai, amma bari in ba ku labarin shagona, don mu teloli an san mu da saɓa alkawari, kuma ba ƙarya aka yi mana ba. Shekaru ina kwana a shago goman ƙarshe na azumi, ina kashe waya, ina ɓuya in na hango mai kaya. Wata Sallar wani dattijo ya zo daren idi da jikansa, yadin yaron ko yankawa ban yi ba. Bai zage ni ba. Ya ce, "Da ka gaya mini ba za ka iya ba, da na kai wani wuri." Yaron yana ta kallona. Wannan kallon ne ya canja ni.

Da na zauna na duba, ba a kan keke nake ɓata lokaci ba, a bakina ne. Kowa ya zo sai in ce "ba damuwa, Alhaji". Yanzu ina da littafi. Kowane shafi rana ɗaya ce, kuma layi uku kawai na ja a kowane shafi, don kaftani uku nake iya gamawa a rana in ba a samu matsala ba. Wanda ya kawo ɗinki, in yanki ɗan ƙyallen yadinsa in maƙala da allura a layin, in rubuta awo da abin da ya bayar. In shafin ya cika, ya cika, sai na gaba. Juma'a ba na rubuta kowa, ita ce ranar cike giɓin da rashin wuta ya jawo. Da littafin ya kai jajibiri nake rufe karɓa, ko azumi bai kai goma ba. Na rasa wasu masu kawo ɗinki, amma waɗanda suka tsaya sun kawo mini 'yan'uwansu.

Malama, ke ma ki duba "to" nawa kike cewa a mako.

Malama Maman Uku:
Malam Tela, kamar ka leƙa wayata. Watan jiya biki uku na je, kuma kowanne ba yini ɗaya ba ne: kamu, yini, dina, kai amarya. Ga anko. In ban je ɗaya ba a ce ina ji da aiki.

Hajiya Mai Fansho:
A nan zan ɗan taka muku burki. Zumunci ba ɓata lokaci ba ne. Ranar da abu ya same ki, waɗannan mutanen ne za su cika miki gida, ba shugaban makarantarku ba. Abin da nake yi shi ne in bambanta. Rasuwa da dubiya ba na ɗagawa, ko a gajiye nake sai na je, ko minti ashirin ne. Biki kuwa ɗaya nake zaɓa a cikin shagulgulan, yawanci yini, in je da wuri, in ga uwar amarya ido da ido, in ba ta gudummawata, in yi la'asar a can, in dawo. Wadda ta zo da wuri ta kama aiki an fi tuna ta a kan wadda ta zo dina ta zauna a bayan zaure.

Amaryar Bara:
Hajiya, zuwa da wurin ma ai shi ne matsalar. A kati a rubuta ƙarfe huɗu, ki je huɗu ki tarar ana jera kujeru, amarya tana wurin kwalliya, sai bayan magariba za a fara. A nawa bikin ma haka aka yi, ina ji ina gani, har yau ina jin nauyin waɗanda suka zo kan lokaci.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ana cewa wai halinmu ne, ba mu san lokaci ba. Ban yarda ba. Ku lura ma, ɗaurin aure in an ce sha ɗaya, sau da yawa wanda ya zo sha ɗaya da kwata sai dai ya tarar ana gaisawa. Sallar idi ba ta jiran kowa. Jirgin Legas ba ya jiran kowa, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya bari ya tashi ya bar shi sau biyu ba. Azumi kuwa har minti muke ƙirgawa. Ashe mun san lokaci sarai, inda muka san za a jira mu ne muke makara. Ni a shago in na ce wa mutum bayan azahar, sai in ƙara da cewa ƙarfe biyu da rabi, in uku ta yi ban gan shi ba na tafi sito. Sau ɗaya ake yi wa mutum haka ya gane.

Baƙo daga Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Alhaji na Kwari ya yi gaskiya. Ni abin da ya gyara mani rana shi ne na daina tsara ta da awowi, na koma tsara ta da salloli biyar. Asuba zuwa azahar aiki mai nauyi, don nan a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, bayan azahar ƙwaƙwalwa ba ta ja. Azahar zuwa la'asar abinci da ɗan kwanciya. La'asar zuwa magariba zirga-zirga da gaishe-gaishe. Magariba zuwa isha'i na yara ne, in duba abin da suka yi a lakwal, wato makaranta, waya tana ɗaki. Kowane tsakani abu ɗaya ko biyu nake sa masa. In ya kuɓuce, ba ranar duka ta lalace ba, kiran salla na gaba sabon farawa ne.

Ɗalibar Jami'a:
Anti Malama, game da maki: akwai dabarar da wani ɗan Italiya ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1980, ana ce mata Pomodoro, wato tumatir da harshensu, saboda agogon kicin ɗinsa mai siffar tumatir ne. Minti 25 kina abu ɗaya ba waya ba hira, ki huta minti 5, ki sake. Da ita nake karatun jarrabawa. Sannan ki shiga saitin wayarki, akwai inda take nuna awa nawa kika yi a kowace manhaja. Ni da na duba nawa na ga abin da TikTok da WhatsApp suke ci, sai da gabana ya faɗi.

Nas Mai Aikin Dare:
Ƙanwata, minti 25 ba katsewa a gidan da ke da ɗan shekara biyu? Sai dai in ta gwada a makaranta.

Ɗalibar Jami'a:
To ai nan nake nufi, Anti. Malamai suna da firiyod ɗin da ba su da aji.

Malama Maman Uku:
Ina da su, biyar a mako. Gaskiya a hira suke tafiya a ɗakin malamai. Wannan kam laifina ne.

Ma'aikaci a Kaduna:
Mu nan tun Disambar 2021 gwamnatin jiha ta mayar da aiki kwana huɗu a mako, aka ƙara tsawon awowin sauran ranakun. Abin da na koya shi ne ranar da aka ba ka ba ta zama taka sai ka ba ta aiki. Watannin farko barci da zaman majalisa suka cinye mini Juma'a. Yanzu ita ce ranar cefanen wata, gyaran famfo, zuwa makarantar yara, duk abin da a da nake satar lokacin ofis in yi. Malama, islamiyya ba a yi Alhamis da Juma'a, ko? To yammacin waɗannan ranakun biyu su ne naki, kada ki bari su bi ruwa.

Amaryar Bara:
Ni dai da za ki samu yarinya daga ƙauye ta riƙa taya ki, da an huta.

Nas Mai Aikin Dare:
Don Allah a'a. Yarinya 'yar shekara goma da ya kamata tana aji, a ɗora mata gas da jariri? Ina ganin irinsu ana kawo mana da ƙuna. Malama tana koyar da 'ya'yan wasu, ba zai yi kyau a ce ta hana 'yar wani karatu ba. In da hali, a samu babbar mace a unguwa, ta zo da hantsi ta yi wanke-wanke da shara ta tafi, a biya ta a wata, a kuma biya ta kan lokaci. Ko a ba da wankin manya da guga, a bar na yara a gida.

Hajiya Mai Fansho:
Kuma 'yar shekara 9 ba jaririya ba ce. Ta iya wanke safarta da ta ƙaninta, ta iya share tsakar gida. Shi ma namijin a ba shi nasa, kada a ce aikin mata ne, don kada matarsa ta zo zauren nan nan da shekara talatin da irin wannan kukan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malama Maman Uku:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana goma kamar yadda wasu suka nema ta akwatin saƙo. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Na yi wa Abbansu magana daren Juma'a bayan yara sun yi barci. Na nuna masa takardar gargaɗin, don a da ɓoye ta na yi. Ya yi shiru, sannan ya ce me ya sa ban gaya masa tun wuri ba. Yanzu shi yake kai ƙaramin gidan Hajiya a babur, ya wuce da manyan makaranta. Wannan kaɗai ya sa ina fita 6:35 maimakon bakwai da 'yan mintuna, kuma kafin cunkoson Kabuga ya haɗu na wuce. Wankan yaro dai ya yi kwana biyu ya bari, ban matsa ba.

Jakunkuna da inifom tun dare ya zauna daram, babbar ce ma take tuna mini. Miyar kwana uku ta yi, sau ɗaya ta yi tsami don na manta ɗumin yamma. Maki ina yin rabi a makaranta, na koma can ƙarshen ɗakin malamai kusa da taga, abokan aiki har sun fara tambaya ko fushi nake. Sunana bai sauka ƙasan jan layi ba ko sau ɗaya. Barci ne har yanzu bai samu ba, sha ɗaya da rabi nake kwanciya.

Ga kuma sabuwa: ƙanwar Abbansu za a aurar wata mai zuwa, an sa ni a kwamitin abinci, shagali biyar ne, biyu a ranakun aiki, kuma makon jarrabawa ne. Hajiya, wannan ba bikin da zan zaɓi yini kawai ba ne. Yaya zan yi da dangin miji?

Hajiya Mai Fansho:
Kada ki aika saƙo, kada ki bi ta bakin mijinki. Ki shirya ranar Asabar ɗin nan ki je wurin surukarki da kanki, tun ba a raba aiki ba. Ki ce, "Hajiya, makon bikin ya faɗo a jarrabawa, ba za a bar ni in fito da rana ba. A ba ni abin da zan yi da daddare ko ƙarshen mako." Ki karɓi cincin da dubulan, su ana yin su tun saura mako kuma ba sa lalacewa. Ki kira mata biyu su taya ki murji ranar Lahadi. Gari kwano nawa suka ce za a yi?